Labarin Ƙananan Makarantu a Ƙasar Gwandu da Kabi

In an zo ba da tarihin ƙasar nan da ke kwance a bakin Gulbin Kabi, labarin yaƙi akan fi ji. Akan faɗi yadda Kanta ya ƙi bin Askiya Sarkin Songai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame. Da yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805. Da yadda Kabawa suka tsaya a Argungu suka yi ta fama da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru, har zuwan Turawa. Wannan duka gaskiya ne, ya kuwa cancanci a riƙa tunawa da shi. Amma akwai wani labari da ba a cika bayarwa ba, don ba shi da tambari, ba shi da kakaki, watau labarin ƙananan makarantu na zaure da na gindin itace, waɗanda malami ɗaya ke riƙe da su da almajirai kaɗan. Surame ya zama kufai, sarauta ta sauya hannu, En'e kanta ta zo ta wuce, amma har yau in mutum ya ratsa Gesse ko wata unguwa ta Birnin Kebbi ko ta Argungu da hantsi, zai ji muryar yara suna biya allo.

Abin tambaya shi ne, me ya riƙe waɗannan makarantu har suka daɗe haka, alhali ba su da taska, ba su da dogari? In an duba, abu uku ne, kamar duwatsun murhu. Na ɗaya, ba a yanke wa mai neman ilmi shekaru. Na biyu, karatu da sana'ar hannu tare suke tafiya. Na uku, mutanen gari su ke ɗauke da malaminsu. Wannan labari kuwa ya shafi ma'aikatan En'e da magadansu na majalisun sarakuna da ƙananan hukumomi, domin a hannunsu aka taɓa danƙa makarantun ƙasar nan, kuma har gobe su ake fara nema in za a yi wa makaranta wani abu.

Daga allo zuwa zaure

Yaro yakan shiga makarantar allo tun yana ƙarami. Yakan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi da wasali. Malam ya rubuta masa, ya biya, in ya iya ya wanke allo a ƙara masa. Da haka yake tafiya sura bayan sura har ya sauke. Waɗanda suka nace wa hadda sukan bi matakai daga kolo da titibiri zuwa gardi, har wanda Allah ya ba shi ya zama alaramma ko gwani, ya rubuta Alƙur'ani duka da ka.

Amma sauka ba ita ce ƙarshen karatu ba. Bayanta ne mutum ke shiga makarantar ilmi, wadda ake yi a zauren malami. Nan ba aji, ba jarrabawa, ba ranar fita. Kowa ya zo da littafinsa, ya zauna har layi ya zo kansa, ya karanta, malam ya fassara ya yi bayani, ya tashi ya tafi sana'arsa. Akan fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a kai Askari da Muhtasar. Ta wajen nahawu ga Ajurrumiya, ta wajen tafsiri ga Jalalaini. A tabarma ɗaya sai ka ga saurayi da ɗan kasuwa mai 'ya'ya da tsoho mai furfura, ba mai jin kunyar wani. Manomi ya zo da rani, in damina ta faɗi ya koma gona, da kaka ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce gemu ba ya hana ilmi.

Sa'ad da Turawa suka ƙidaya makarantun Alƙur'ani na Arewa a zamanin Gwamna Lugga, sun sami kimanin 20,000 ko fiye, da almajirai fiye da 200,000. Wanda ya raba wannan lissafi zai ga kowace makaranta almajiranta wajen goma ne. Ashe ilmin ƙasa duka a kan ƙananan makarantu ya dogara.

Zamanin Malam Abdullahi da Nana Asma'u

Ba a iya ba da labarin karatu a wannan ƙasa a tsallake Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa. Ya fara Alƙur'ani wurin mahaifinsa, sa'an nan ya koma hannun wansa Shehu Usmanu, ya kuma yi karatu wurin malamai da yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Don ya san darajar wanda ya koya masa, ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowa. Da aka raba kula da ƙasa a 1812, yammaci ya faɗo hannunsa, Gwandu ta zama cibiyar wannan sashi. Duk da nauyin mulki da yaƙi bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don alƙalai da masu mulki, ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, sa'an nan da ya ga ya yi wa waɗansu nauyi ya yi wani gajere don masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya rasu a 1829. Wannan abin lura ne, babban malami ya sunkuya ya sake aikinsa don wanda bai yi nisa ba.

Shehu kansa, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke koyar da almajiran waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, matar Waziri Giɗaɗo, ita ta mai da wannan magana aiki. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta shirya abin da aka sani da 'Yan Taru. Matan ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sukan taru su zo wurinta ɗaukar karatu. Da yake matan aure masu goyo ba su iya barin gida, sai aka riƙa aiko da tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su koyo su koma su koya wa sauran. Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji, wadda Nana ke naɗawa, ta sa mata malfa da jan rawani don a san an ba ta izini.

Yadda take koyarwa kuwa da waƙa ne. Ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci a kan tauhidi, da tarihin Annabi, da halin kirki, da sunayen surori, don mace ta haddace tana daka ko tana kaɗi, ko da ba ta iya karanta baƙi ba. Matan nan kuma ba su zuwa hannu rabbana. Sukan zo da hatsi da zuma da man shanu da zane, gwargwadon hali, a raba wa mabukata da marasa lafiya. Bayan rasuwar Nana ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Mai karatu ya duba, duwatsun nan uku duka ga su a wuri ɗaya: tsohuwa tana koyo, fasahar waƙa ce hanyar koyon, kuma ɗalibai ne ke kawo abin da ake tafiyar da aikin.

Karatu da sana'ar hannu

Makarantar allo ba ta sayen kayan aikinta, yin su take yi. Almajiri yakan feƙe alƙalaminsa da gamba, ya haɗa tawadarsa da ƙaro. Masassaƙi ya sassaƙa allo. Baduku ya ɗinka gafaka da tadarishi da jan fatar akuyar Sakkwato, irin fatar nan da fatake ke ƙetare hamada da ita tun da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Takarda kuwa daga Italiya take fitowa ta hanyar Tarabulus, mai alamar wata uku a jikinta. Da yake ba injin ɗab'i, kowane littafi da hannu ake juyarsa, mai kyan rubutu kuwa ba ya rasa abinci.

Babbar fasahar makaranta ita ce zayyana. In yaro ya sauke, akan nemi gwanin zane ya ƙawata masa sabon allo da ja da rawaya da kore da baƙi, ya ja layuka da da'irori masu shiga juna, a tsakiya a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Irin wannan zane shi ake gani a gefen takardun Alƙur'ani na hannu, wurin alamar hizifi da rubu'i da sumuni. Daga nan ya shiga tufafi, domin malamai da almajirai su ne suka saba zana wa maɗinka aska takwas da sauran ado a gaban riga, su kuma manyan almajirai da ɗinkin hula suke samun abin kashewa. Saboda haka wanda ya fita daga makarantar da, yakan fita da karatu a ka da sana'a a hannu.

Ban da wannan, ƙasar Kabi tana da nata ilmin ruwa da ake gada daga iyaye: saƙar homa, da sarrafa gora, da sassaƙa jirgi, da kiɗa da kirarin masunta. A 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, alamar an binne tsohuwar gaba, da bikin su aka tarye shi, wanda daga baya ya zama sananne a duniya, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Tsohon gidan sarauta, Gidan Nabame, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi na Kanta a 1958. Duk malamin ƙaramar makaranta da ke son nuna wa yara aikin kakanninsu, ga wurin zuwa kusa da shi.

Abin da ke riƙe da malami

Malamin allo ba shi da albashi, amma ba a bar shi da yunwa ba. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, al'ada kuma ta tsara yadda za a ba shi ba tare da an nauyaya wa kowa ba. Kowace Laraba, kafin hutun Alhamis da Juma'a, yaro yakan kawo ɗan abin da aka samu, shi ne kuɗin Laraba. In ya kai waɗansu surori sanannu, iyaye su yi sadaka, ko waina ko tuwo ko yanka. In ya sauke, a yi walima, a yi wa malam kyauta mai tsoka, yaro kuma ya zaga gidajen dangi da allon zayyana ana ba shi tukuici. Da damina almajirai su taya malam noma, da kaka manoma su kawo zakkar hatsi. Zauren kuma wani mai hali ne ya ba da shi, in jinka ta lalace a yi gayya a gyara.

Wannan tsari yana da kyau ta wajen cewa kowa yana ganin makaranta tasa ce, ba kuwa a korar ɗan talaka don ya rasa kuɗin Laraba. Amma yana da rauni. In aka yi fari ko fara, malam shi ke fara ji a jikinsa, don wanda bai ƙoshi ba ba ya sadaka. In kuma malam ya rasu bai bar magaji mai karatu ba, sai almajirai su watse, zaure ya shiga rabon gado. A waɗansu ƙasashen Musulmi da hubusi aka toshe wannan kafa, watau a tsare asalin dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta. Da irin wannan sadaka mai gudana masallacin Ƙarawiyyina na Fas, wanda wata mace Faɗimatu Alfihiriyya ta gina a 859, ya zama wurin karatu har yau.

Zuwan boko da Baitulmali

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, a farkon zamaninsu kuma mazaunin Sarkin Gwandu ya koma Birnin Kebbi. Da suka ga mulki ba ya yiwuwa sai da masu rubuta haraji da shari'a, suka shiga neman hanyar koyar da boko. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Abin mamaki, da manya ya fara. Malamai masu gemu aka tara daga larduna ana koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa, don su koma su zama malaman makaranta da ma'aikata. Sa'an nan ga sashin 'ya'yan sarakuna, ga na elementare, ga kuma na sana'a, inda ake koyon dukanci da ƙira da sassaƙa da gini. Ya lura da yadda ƙasa take koyo tun da, ya bi sawunta.

A wannan zamani ne aka kafa Baitulmali. Razdan Palmer ya fara shi a Katsina, wajen 1911 kuwa ya bazu cikin masarautu. Daga harajin da aka tara, En'e ta riƙa ɗaukar rabonta ta yanka albashin hakimai da alƙalai da malamai, ta gina ajujuwa, ta sayi allo da littafi. Makarantun lardi suka biyo, Sakkwato ta sami tata, Birnin Kebbi da Argungu suka sami na elementare. An fara Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai. Wajen 1930 aka sake tsari, aka haɗa manyan ajujuwan makarantun lardi da makarantun sana'a suka zama Midil. A Midil ta Sakkwato ne Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934, bayan ya fito daga Katsina. Sarkin Gwandu Haruna, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, ya kuma shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, shi ma Katsina ya yi karatu, ya kuma riƙe alli kafin ya riƙe sanda. A cikin shekarun 1930 aka fara makarantun 'yan mata a lardin, a 1939 kuma aka buɗe ta horar da malamai mata a Sakkwato.

Alherin Baitulmali a fili yake. Malami ya san ranar albashinsa ko an yi ruwa ko ba a yi ba, makaranta kuma ba ta mutuwa don mutum ɗaya ya mutu. Amma an yi hasarar wani abu. Da yake kuɗin daga haraji suke fitowa, kuma da umurnin hakimi ake ɗibar yara, sai talakawa suka ɗauki makaranta kayan hukuma ce. Waɗansu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, waɗansu manya suka aika da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Mutumin da zai yi gayya ya rufe zauren malamin allo, in rufin elementare ya yaye sai ya ce a gaya wa En'e. Ga kuma ƙofa da aka rufe wa babba, don boko da shekaru ake shigarta. Sana'a ma ta ja baya, domin yaro ya ga akawu ya fi kafinta albashi da girma.

Yaƙi da Jahilci

Tun ana cikin yaƙin Hitila aka fara maganar koya wa manya karatu a ƙasashen da Ingila ke mulki. A Arewa kuwa an riga an share fage. An kafa ofishin fassara a 1929, wanda ya zama na talifi a Zariya a hannun Dokta East. Gasar da aka yi a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da 'yan'uwansu. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Malam Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Mutum ɗaya ya sayi jarida, goma su kewaye shi suna saurare, kowa yana cewa ina ma shi ke karantawa.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Nauyin aikin kuwa a wuyan En'e ya sauka. Hakimai da dagatai su ke tara mutane, Baitulmali ke biyan ɗan alawus na masu koyarwa, waɗanda yawancinsu malaman haraji ne da na asibiti da waɗanda suka gama elementare. Akan zauna a zaure ko gindin itace, galibi da rani in an huta da gona. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma.

Amfanin wannan ga talaka ba ƙarami ba ne. Wanda ya iya karanta rasit ɗin harajinsa ba a karɓa masa sau biyu. Wanda ya iya duba sikeli ba a cutarsa wurin awon gyaɗa ko auduga. Wanda ya iya sa hannu ba ya dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, in ya zo gaban alƙali kuma yana iya bin lissafin gado da kansa. Sai dai aikin bai ɗore da ƙarfinsa na farko ba. An rufe NORLA a 1959, kuma da yawa daga waɗanda suka koya, da suka rasa abin karantawa, sai karatun ya zube. Nan aka gane bambancinsa da makarantar zaure, wadda ba ta sallamar ɗalibi.

Bayan En'e

A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a madadinta. A shekarar ce aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro, makarantu suka yawaita fiye da malamai da kujeru. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, gwamnatin tarayya ta kafa ta ilmin makiyaya a 1989, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, sa'an nan ta ilmin manya a 1990. An yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birni, ma'aikata suka cika shi, unguwanni irin su Gesse suka bunƙasa. Yanzu ga kwalejin fasaha mai sunan Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, ga kwalejin horar da malamai a Argungu.

Amma manyan makarantu ba su kashe ƙanana ba. Makarantun Islamiyya, waɗanda suka fara yaɗuwa a Arewa tun shekarun 1950, sun ɗauki aji da allon bango daga boko, sun ɗauki dogaro da jama'a daga makarantar allo. A cikinsu akwai na matan aure da ake yi da dare ko ranakun hutu, inda kaka da jika kan zauna aji ɗaya, kamar dai 'Yan Taru. Waɗansu suna haɗawa da ɗinki da saƙa. Kuɗin Laraba ya zama kuɗin wata, gayya ta zama gidauniya da karo-karon iyaye da na tsofaffin ɗalibai, walimar sauka kuma ta zama ranar da ake neman taimakon gini.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe

Da yake a irin wannan taro ma'aikata ake gayyata su shugabanta, ko su riƙe asusu, akwai abubuwa da tarihin nan ke koyarwa.

Na farko, a rubuta. Abin da ya fi kashe gidauniya shi ne zargi, zargi kuwa daga rashin lissafi yake fitowa. Baitulmali ya ɗore ne don kowane kwabo yana da rasit, kuma wanda ke riƙe da mabuɗi ba shi ke duba littafi ba. Kowace gudummawa a ba da takardarta, kada mutum ɗaya ya fid da kuɗi shi kaɗai, a ƙarshen shekara kuma a karanta wa iyaye abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ya ji inda sulensa ya tafi, shi ke kawo fam baɗi.

Na biyu, a fara da malami kafin bango. Mutane sun fi son ba da kuɗin gini don ana ganinsa, amma Malam Abdullahi da Nana Asma'u ba da bene suka koyar ba. Aji mai kyau da malamin da ya yi wata uku ba a biya shi ba, kufai ne mai rufin kwano.

Na uku, a tsare wurin da shari'a. Wanda ya yi niyyar ba da fili ko gida ko shago don makaranta, ya yi hubusinsa yana da lafiya, a gaban shaidu, a rubuce, ya kuma fid da hannunsa masu kula su karɓa. A mazhabar Malikiyya, in mai bayarwa ya ci gaba da riƙe abin har ya mutu ko bashi ya cinye dukiyarsa, hubusin ya ɓaci, ya koma gado. In kuwa sai da ciwon ajali ya kama shi ya yi, hukuncin wasiyya ne, ba ya wuce sulusi. Makarantu da yawa ba rashin ɗalibai ya rufe su ba, rashin wannan takarda ne.

Na huɗu, kada a rufe wa babba ƙofa, kada kuma a raina sana'a. Ajin da yara suka tashi daga cikinsa da azahar, ba abin da zai hana iyayensu zama a cikinsa da la'asar. Uban da ke koyo a makaranta ba ya bari rufinta ya yaye, uwar da ta iya karatu kuwa ba ta cire 'yarta daga aji. Gwanayen zayyana da dukawa da masu saƙar homa suna nan cikin gari, tsufa yana cim musu. In ba a kira su sun koya wa yara ba, da su za a binne abin da suka sani. Abin da yara suka yi da hannunsu kuma ana iya baje shi ranar walima a saya, kuɗin su shiga asusu.

Ma'aikatan En'e na da, waɗanda suka zaga ƙauyuka bisa doki da keke suna rubuta haraji da rana, da yamma kuma suna koya wa manoma baƙi da wasali a kan ɗan alawus, sun bar abin koyi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba waɗanda suka gaje su ikon riƙe amana. Amin.